Ƙafa Bakwai Daga Kano: Abin Da Ya Sami Yinka Dare

Idan ka bi ta Barnawa ko Narayi da la'asar sakaliya, ka ji ƙwallo tana dukan siminti a harabar wata makaranta, ka daure ka leƙa. Da wuya ka rasa yaro guda da ya kere sauran tsawo, wanda kowa ke ce masa, “Kai dai Amurka ce ta dace da kai.” Tun da masaƙun Kakuri suka durƙushe, aikin da iyaye a kudancin Kaduna suke wa 'ya'yansu fata ya yi ƙaranci, don haka maganar ta daina zama ta raha zalla. Wani gidan da gaske suke lissafi da tsawon ɗansu. To, an taɓa yin yaron da aka faɗa wa wannan maganar kuma ta tabbata, ya je har ƙololuwar wasan. Sunansa Yinka Dare, kuma a Kano aka haife shi ranar 10 ga Oktoba, 1972.

Sunan na Yarbawa ne, kuma Kanawa kaɗan ne suka san an yi shi. A Amurka kuwa masu bin gasar NBA sun san shi sarai, sai dai a matsayin abin ba'a. Wannan ba'ar ce ta daɗe tana damuna, domin duk wanda ya bi tarihin daki-daki zai ga ba shi kaɗai ne mai laifi ba.

Labarin da aka fi bayarwa shi ne, a 1991 wani lauya ɗan Najeriya mazaunin Amurka ya zo ziyara Legas, yana cikin mota sai ya hangi wani zabgegen saurayi zaune a kan benci yana cin abinci. Ya tsaya ya tambaye shi tsawonsa, saurayin ya ce bai sani ba. Da aka auna, ƙafa bakwai ne. Wasan da ya fi sabawa da shi a lokacin kuwa tanis ne. Yana da shekara goma sha takwas zuwa sha tara. Ba a jima ba ya tsinci kansa a makarantar Milford da ke jihar Connecticut, ya yi kaka ɗaya, daga nan Jami'ar George Washington ta ɗauke shi. Kocinta Mike Jarvis ne, mutumin da ya horar da Patrick Ewing a sakandare, wato ya san yadda ake renon dogon ɗan wasa.

Kuma farkon ya yi kyau ƙwarai. A kakar 1992 zuwa 1993 Dare ya taimaka wa jami'ar ta kai zagayen 'yan goma sha shida a gasar jami'o'in Amurka, matakin da ba ta taɓa takawa ba, kafin Michigan ta fitar da ita. A tsakanin ɗalibai, mai ƙafa bakwai da faɗin ƙirji ba ya buƙatar dabara mai yawa. Ya tsaya gindin kwando, ya cafke ƙwallon da ta dawo, ya danna ta ciki, ya kaɗe ta abokin hamayya. Shekara biyu ya yi yana haka, sai ya bar karatu ya shiga zaɓen sababbin 'yan wasan NBA na 1994.

Kafin a zarge shi da gaggawa, a duba lokacin. A wannan watan na Yuni ne Hakeem Olajuwon, ɗan Legas, ya ci kofin NBA da Houston, bayan an riga an zaɓe shi gwarzon shekara. Kowace ƙungiya tana neman nata Hakeem ɗin, kuma ga wani ɗan Najeriya mai irin tsawonsa. Sannan a 1994 babu ƙayyadadden albashi ga sabon ɗan wasa, sai a 1995 aka kafa wannan dokar. New Jersey Nets ta ɗauke shi a lamba ta 14, ta ba shi kwantiragin shekara shida a kan kusan dala miliyan tara. Saurayin da shekara uku baya yake cin abinci a kan benci a bakin titi, wa zai ce masa ya ƙi? Ni dai da ƙanena ne, ban san da wane baki zan hana shi ba.

Ƙungiyar da ya shiga tana cikin makoki. Shekara guda kafin zuwansa, ranar 7 ga Yuni, 1993, gwarzonta Drazen Petrovic, ɗan ƙasar Kuroshiya, ya mutu a haɗarin mota a wata babbar hanya a Jamus yana da shekara 28. Ba su taɓa haɗuwa a fili ba, amma ajiye tarihin mutanen biyu gefe da gefe shi ne ya fi bayyana mini abin da Dare ya rasa.

An haifi Petrovic a 1964 a garin Sibenik da ke bakin teku, lokacin Kuroshiya tana cikin tsohuwar Yugoslabiya. Tsawonsa bai kai mita biyu ba, wanda a wannan wasan ba abin a zo a gani ba ne. Yana ɗan shekara 15 ya fara buga wa babbar ƙungiyar garinsu, a cikin manya. An san shi da sammakon zuwa zauren wasa shi kaɗai, ya yi ta jifan kwando ɗaruruwa kafin ya wuce makaranta. Yugoslabiya tana da tsari na ƙungiyoyi da kociyoyi masu koya wa yaro komai tun yana ƙarami: jifa daga nesa, tafiya da ƙwallo, miƙa ta, da karanta inda abokin wasa zai nufa kafin ya motsa. Ko da yaron dogo ne, sai ya koyi aikin gajere. Daga Sibenik ya koma Cibona ta Zagreb, suka ci kofin Turai sau biyu a jere, 1985 da 1986. A watan Oktoban 1985 ya zuba maki 112 a wasa ɗaya na gasar ƙasarsu. Ya yi kaka guda a Real Madrid, inda ya ci maki 62 a wasan ƙarshe na wani kofin Turai a 1989.

Duk da wannan, da ya isa Portland a 1989 benci suka ajiye shi. Shekara goma yana wasa da ƙwararru, nahiya guda tana rawar jiki da sunansa, amma sai da ya yi kaka ɗaya da rabi yana kallon wasu. Da aka sayar da shi ga Nets a Janairun 1991 ne ya samu fili, har a kakarsa ta ƙarshe yana cin maki 22.3 a kowane wasa. A tsakani ya jagoranci Kuroshiya, sabuwar ƙasa da ke cikin yaƙi, zuwa wasan ƙarshe na Olamfik ɗin Barcelona a 1992, suka sha kashi a hannun su Michael Jordan, suka koma gida da azurfa.

Shekara goma ke nan ta wancan, shekara uku ta wannan, kuma ukun ma a tsakanin ɗalibai.

Dare ya buga minti uku kacal a kakarsa ta farko, sai jijiyar gwiwa ta tsinke. Shekarar da ya fi buƙatar koyo ta tafi a jinya. Da ya dawo, ƙungiyar tana wargajewa. An sayar da manyanta biyu, Derrick Coleman da Kenny Anderson, a cikin kaka ɗaya, kuma a madadin Coleman aka kawo Shawn Bradley, wanda ya fi Dare tsawo kuma wurinsu ɗaya a fili. Babu mai lokacin koya wa wani abin da ya kamata a ce ya iya tun yana ɗan sha biyu.

A nan ne abin ba'ar ya samo asali. A ƙwallon kwando ana ƙirga sau nawa ɗan wasa ya miƙa wa abokinsa ƙwallo shi kuma ya ci da ita. A kakar 1995 zuwa 1996 Dare ya buga wasa 58 bai yi ko guda ba. A duk zamansa na NBA, wasa 110 cikin kaka huɗu, sau huɗu ya yi, ya kuma ɓarar da ƙwallo sau 96. 'Yan jarida suka ce rowa ce. Ban yarda ba. Mai rowa yana ganin abokinsa ne ya hana shi, shi kuwa wanda ya fara wasa yana dab da shekara ashirin bai ma ga abokin ba. Da ƙwallo ta shigo hannunsa, mutum biyu sun rufe shi, idonsa yana kan ƙwallon don kada ta suɓuce, kafin ya ɗaga kai damar ta wuce. Wannan ganin a ƙuruciya ake samunsa, a dubban wasannin unguwa da babu mai ƙirgawa.

Za a ce ai Hakeem ma bai fara da wuri ba. Gaskiya ne, sai da ya kai shekara 15. Amma ya zo da ƙafafun mai tsaron gida a ƙwallon ƙafa da hannun ɗan ƙwallon hannu, ya zauna a Jami'ar Houston daga 1980 har 1984, kuma lokacin hutu yana gogawa da Moses Malone, ɗaya daga manyan 'yan tsakiya na zamanin. Ko a nan kusa da mu, Masai Ujiri da ya tashi a Zariya ya fara ne yana ɗan 13, ya kuma samu koci Oliver Johnson, Ba'amurken da ya daɗe yana horar da yara a Jami'ar Ahmadu Bello. Ujiri bai taɓa buga NBA ba, a ƙananan ƙungiyoyin Turai ya yi wasansa, amma fahimtar wasan da ya taso da ita ce ta kai shi shugabancin Toronto Raptors har suka ci kofi a 2019. Daga Kaduna zuwa Zariya tafiyar awa guda ce. Duk da haka, in aka ga dogon yaro a Sabon Tasha, tambayar farko ita ce wa ya san wanda zai fitar da shi waje, ba kasafai ake tambayar wa zai koya masa miƙa ƙwallo da hannun hagu ba.

A farkon 1998 Nets ta haɗa Dare cikin wani cinikin 'yan wasa da Orlando Magic, ita kuma ta sallame shi bai buga mata ko wasa ɗaya ba. Bai ajiye ƙwallon ba, ya ci gaba da bugawa jefi-jefi a ƙananan gasannin Amurka har zuwa 2003. Tun yana jami'a likitoci sun gano bugun zuciyarsa ba ya tafiya daidai. Ranar 9 ga Janairu, 2004, ya yanke jiki ya faɗi a gidansa da ke Englewood a jihar New Jersey, ya rasu yana da shekara 31. Riga mai lamba 3 ta Petrovic tana rataye a rufin zauren Nets har yau, an hana kowa sake sa ta, kuma a Zagreb akwai gidan tarihi da sunansa.