Wild Romance: Tarihin Makaɗan da Suka Tsaya Bayan Herman Brood

A ƙasar Holand, idan aka ambaci kiɗan rok na shekarun 1970, sunan Herman Brood ne ke fara zuwa baki. Amma a jikin fayafayansa ana rubuta "Herman Brood & His Wild Romance" ne, wato shi da rukunin makaɗansa. Tarihin wannan rukuni ya nuna cewa tashen mawaƙin da faɗuwarsa sun bi sawun ƙarfi ko raunin mutanen da ke tsaye a bayansa.

An haifi Brood a garin Zwolle ranar 5 ga Nuwamba 1946. Makaɗin fiyano ne tun yana saurayi. A 1964 ya kafa rukunin The Moans, daga baya ya shiga Cuby + Blizzards, fitattun masu kiɗan bulus na ƙasar, inda Harry Muskee ke rera waƙa. Zaman bai ɗore ba, domin ta'ammali da miyagun ƙwayoyi ya sa aka sallame shi. Ya shafe shekaru yana gararamba, ana ganin tasa ta ƙare.

A 1976 al'amura suka juya. A arewacin ƙasar, yankin Groningen, ya haɗu da Koos van Dijk, wani mai gidan shaƙatawa a garin Winschoten. Van Dijk ya zama manajansa, kuma bai rabu da shi ba har ƙarshen rayuwar Brood. Shi ke nemo wuraren wasa, shi ke karɓar kuɗi, shi ke tabbatar da cewa mutumin da ba ya riƙe alkawari ya hau dandamali a kan lokaci. A wannan shekarar aka kafa Wild Romance. Sahun farko ya ƙunshi Ferdi Karmelk a kan jita, Gerrit Veen a kan jitar bas, Peter Walrecht a kan ganguna, sai 'yan amshi mata biyu, Ellen Piebes da Ria Ruiters. Faifansu na farko, Street, ya fito a 1977.

Ba rediyo ce ta fara ɗaga su ba. Yawon wasa ne, daga ƙananan mashaya zuwa zaurukan matasa, yau nan gobe can, ana loda kayan kiɗa a mota bayan tsakar dare a nufi gari na gaba. Wannan wahala ta sa wasu suka janye, wasu suka shigo, har aka samu sahun da masoya ke kira na asali: Dany Lademacher, ɗan ƙasar Beljiyam, a kan jita, Freddie Cavalli a kan bas, da Cees Meerman, wanda aka fi sani da Ani, a kan ganguna.

Da waɗannan mutane aka yi faifan Shpritsz a 1978, wanda har yau ake lissafa shi cikin manyan fayafayan rok na Holand. Waƙoƙinsa gajeru ne, masu sauri, ba a ɓata lokaci wajen doguwar shimfiɗa. Wanda ya saurari "Saturday Night" zai ji yadda aikin ya rabu: jitar Lademacher ce ke buɗe waƙar da wani salo mai kaifi da ke maimaituwa, ganguna da bas su riƙe ƙasa daram, sannan muryar Brood ta shigo tana jan kalmomi kamar mai magana da kasala. Idan aka cire wannan jita, rabin waƙar ya tafi. Lademacher yana cikin waɗanda suka tsara ta, kuma hannunsa na cikin waƙoƙi da dama na wancan lokaci. A shekarar dai suka fitar da Cha Cha, faifan da aka ɗauka suna wasa kai tsaye, domin a nan ƙarfinsu yake.

Shekarar 1979 ita ce ƙololuwa. Fim mai suna Cha Cha, wanda Herbert Curiël ya ba da umarni, ya haɗa Brood da mawaƙiyar Jamus Nina Hagen da Lene Lovich. "Saturday Night" ta kai lamba 35 a jerin Billboard na Amurka, abin da ba kasafai mawaƙin Holand ke samu ba. Rukunin ya tsallaka teku, ya yi wasa a Amurka tare da manya irin su The Kinks da The Cars da Foreigner.

Daga nan ne kuma igiya ta fara tsinkewa. Faifan Go Nutz na 1980 a Amurka aka ɗauke shi, masu shirya shi suka so a gyara sautin ya dace da kunnen Amurkawa, aka shigo da makaɗan haya na situdiyo. Sautin ya yi santsi, amma zafin da aka sani ya gushe. Faifan bai karɓu a can ba, a gida ma aka yi masa tsiya. Sahun asali ya watse, Lademacher ya kama gabansa na ɗan lokaci, kasuwar Amurka ta rufe.

Sunan Wild Romance bai mutu ba. Cikin shekarun 1980 makaɗa sun yi ta shiga da fita, ciki har da David Hollestelle, wanda ya daɗe yana riƙe da jita. A 1988 faifan Yada Yada, wanda George Kooymans na rukunin Golden Earring ya shirya, ya dawo musu da martaba. Freeze na 1990 ya samu gudummawar Clarence Clemons, mai busa saksofon na Bruce Springsteen. Sai dai a lokacin hankalin Brood ya fi karkata ga zane, sana'ar da ta kawo masa kuɗi da suna a shekarunsa na ƙarshe.

Ranar 11 ga Yuli 2001, bayan giya da ƙwayoyi sun gama cin jikinsa, Brood ya faɗo daga saman otal ɗin Hilton na Amsterdam, ya kashe kansa yana da shekara 54. Waƙar "My Way" da ya rera ta hau lamba ɗaya a Holand bayan rasuwarsa. A 2006 Jean van de Velde ya fitar da fim mai suna Wild Romance, wanda ya bi shekarun tashen rukunin ta idon Van Dijk.

Tsofaffin makaɗan, ciki har da Lademacher da Hollestelle, sun ci gaba da yawon wasa da sunan Wild Romance, suna gayyato mawaƙa dabam-dabam su riƙe makirufo. Jama'a sun ci gaba da sayen tikiti, domin waɗanda suka ƙirƙiro sautin da suke so su ji suna nan a kan dandamali a lokacin.