Bindigar da Ba Ta Fitar da Harsashi: Tarihin Wasan Harbin Agwagwa a Garuruwanmu

Gabatarwa

Duk wanda ya yi ƙuruciyarsa a Ikara ko Maƙarfi ko Hunƙuyi ta ƙasar Kudan cikin shekarun 1990, da wuya a ce bai taɓa riƙe wata 'yar bindigar roba mai doguwar waya ba, wadda ake auna agwagwa da ita a fuskar talabijin. Mu da muka yi wannan zamani mun san yadda yara kan yi cincirindo a shago ko a zaure, kowa na jiran layi ya zo kansa. Yau an nemi bindigar an rasa, kuma ko an same ta ba za ta yi aiki ba. Wannan maƙala za ta bi asalinta, da hanyar da ta biyo ta iso gare mu, da dalilin mutuwarta.

Asalinta

Wasan ya girmi talabijin ɗin gidajenmu. A shekarar 1936 wani kamfani na birnin Shikago a Amurka, mai suna Seeburg, ya fito da akwatin wasa da ake kira Ray-O-Lite. Mutum zai jefa kwabo, agwagwar ƙarfe ta gifta, shi kuma ya auna ta da bindiga mai fitar da tsirkiyar haske. A jikin agwagwar akwai ƙwai mai jin haske, da zarar hasken ya same shi sai ta faɗi.

A 1972 aka juya al'amarin. Na'urar Magnavox Odyssey, wadda ita ce ta farko da aka sayar domin wasa a talabijin na gida, ta zo da bindigar da ke karɓar haske maimakon ta fitar da shi. Watau bindigar ta koma ido. Illarta ita ce ba ta bambanta hasken talabijin da na ƙwan lantarki, saboda haka mai wayo sai ya auna fitilar ɗaki ya ci maki.

Kamfanin Nintendo na Japan, wanda ya fara da buga karta tun 1889, shi ya gyara wannan. Ya fito da na'urar Famicom a 1983, sannan da wasan Duck Hunt a 1984. Da aka kai na'urar Amurka a 1985 an sa wa bindigar suna Zapper. An sayar da wasan fiye da miliyan 28, galibi a haɗe da na'urar.

A manyan biranen duniya kuwa sai gidajen wasa suka cika da manyan akwatunan da ake jefa wa kuɗi: Operation Wolf na kamfanin Taito a 1987, da Virtua Cop na Sega a 1994, da Time Crisis na Namco a 1995, mai abin takawa da ƙafa domin mutum ya ɓuya daga harbin abokan gaba. Irin waɗannan ba su zauna a garuruwanmu ba, domin suna da tsada kuma suna buƙatar wuta tsayayya. Rabonmu shi ne agwagwa.

Yadda ta iso mana

Abin da ya zo hannunmu ba na Nintendo ba ne na ainihi. Tun da gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta shigo da shirin SAP a 1986 darajar naira ta yi ta zubewa, daga kusan kunnen doki da dala har ta kai wajen naira 22 a farashin gwamnati a 1993. Kayan Japan na asali suka fi ƙarfin talaka. Sai masana'antun Taiwan da Sin suka cike gurbin da kwaikwayon Famicom mai araha, kowanne da hannuwan wasa biyu da bindiga ɗaya da kaset mai ɗauke da alƙawarin dubban wasanni, alhali 'yan ƙalilan ne ake ta maimaitawa da sabon suna. Ba mu kaɗai muka sha wannan ba, domin irinsa ne ya mamaye Rasha da sunan Dendy daga 1992.

Garuruwanmu suna tsakanin Zariya da Kano, don haka kayan suka riƙa gangarowa daga kasuwannin Sabon Gari na biranen biyu. Wasu kuma masu safarar rake da tumatir da barkono zuwa Kudu ne suka yo tsarabarsa, wasu alhazai. Da yake ba kowane gida ke da talabijin ba, wutar NEPA kuma sai ta ga dama, sai abin ya zama sana'a. Matashi zai samu shago da benci biyu da ɗan inji, ya riƙa karɓar 'yan canji a kan kowane zagaye. Mu dai gem muke kiransa baki ɗaya.

Ba a sha wahalar koya wa yaranmu wasan ba. Yaron da ya saba korar jan-baki daga gonar dawa da danƙo, wanda ya ƙera bindigar kara da hannunsa, ya kuma ga mafarauta da bindigar toka, ya riga ya san yadda ake rufe ido ɗaya a bi tsuntsu. Dokar ma mai sauƙi ce: harsashi uku ake ba ka, agwagwa goma a kowane zagaye. In ka kuskure sai kare ya leƙo daga ciyawa yana yi maka dariya, jama'ar shago su taya shi. Kaɗan daga cikinmu ne suka gano cewa wanda ya riƙe hannun wasa yana iya juya agwagwar yadda ya so, kuma waɗanda suka gano ɗin sun daɗe suna cutar abokansu da shi.

Sirrin aikinta

An yi gardama mai yawa a benci kan abin da ke fita daga bakin bindigar. Amsar ita ce babu abin da ke fita. Talabijin na da, mai ƙaton baya, yana zana hoto ne layi bayan layi daga sama zuwa ƙasa, sau 50 a daƙiƙa a irin tsarin da Nijeriya ke bi. Idan aka ja kunama, sai na'urar ta baƙanta fuskar talabijin gaba ɗaya na tsawon zane guda, a zane na gaba kuma ta sa farin murabba'i daidai inda agwagwar take. Ɗan idon da ke cikin bututun bindigar yana kallo. In ya ga duhu sannan ya ga fari, an samu agwagwa. In duhu kaɗai ya gani, an kuskure. Wancan duhu na farko shi ne maganin masu auna fitila. Wannan ne walƙiyar da muke gani duk lokacin da aka yi harbi, muna zaton ado ne.

Mutuwarta

A nan ne kuma ajalinta yake. Bindigar ta dogara ga talabijin da ke nuna hoto a daidai lokacin da aka aiko shi. Talabijin na bango da muke da su yanzu sai sun tattara hoton sun sarrafa shi kafin su nuna, kuma wannan ɗan jinkiri da idon mutum ba ya kamawa ya isa ya sa bindigar ta duba ta ga babu komai. Kamfanin Sony ya daina ƙera talabijin ɗinsa na Trinitron a 2008, sauran ma suka bari. Shagunan gem suka koma ƙwallon ƙafa na PlayStation, daga baya wayar hannu ta janye yaran. Tsofaffin talabijin kuwa suka faɗa hannun 'yan jari-bola saboda tagullar da ke cikinsu.

A ƙasashen Turawa kewar abin ta kai ga masu sha'awa suna farautar tsofaffin talabijin suna adanawa. A 2019 ma an tara kuɗi ta intanet a Ingila domin ƙera bindigar Sinden, mai kyamara a ciki, wadda ke aiki da talabijin na zamani.

Kammalawa

Hausawa na cewa kowa ya tuna bara bai ji daɗin bana ba. Idan muka yi wa kanmu adalci, wasan kansa bai taka kara ya karya ba: agwagwa ce da kare da ciyawa. Abin da muke kewa shi ne taron. Mutum ɗaya ke harbi, ashirin na ba shi shawara, kuma ɗan mai kuɗi da ɗan talaka layi ɗaya suke bi. Akwai kuma wata kewar da ta fi wannan nauyi. A wancan lokaci uba kan ga bindigar roba a hannun ɗansa ya yi murmushi ya wuce. Yau da 'yan bindiga suka addabi sassa da dama na Jihar Kaduna da maƙwabtanta, kalmar kanta ta sauya ɗanɗano a bakin mutane, kuma malamin makaranta ba zai so ya ganta a jakar ɗalibi ba.

Saboda haka muke kira ga 'yan'uwa marubuta, musamman masu tasowa. Japan da Amurka sun rubuta nasu ɓangaren na wannan tarihi har da ranaku da sunayen maƙera. Namu ɓangaren yana cikin kawunan mutane kawai: wa ya fara buɗe shagon gem a Ikara, nawa ake biya a Maƙarfi, wane suna yaran Kudan suka laƙaba wa karen nan, me malaman allo da iyaye suka ce a kai. Masu shagunan suna nan da ransu, wasu sun zama masu gyaran waya, wasu sun koma gona. A je a zauna da su da biro da takarda tun ana iya samunsu.