Yadda Ingila ta tsare gaɓar Afirka ta Yamma daga nesa

A shekarar 1807 majalisar Ingila ta haramta cinikin bayi. Kafa dokar bai yi wuya ba. Wuyar ita ce tsaron dubban kilomita na gaɓar teku, alhali tashoshin jiragen yaƙin ƙasar suna can nesa, tafiyar makonni. A 1808 jirage biyu kacal aka turo. Jirgin da sai ya koma gida neman guzuri da gyara kuwa, a hanya yawancin lokacinsa ke ƙarewa. Saboda haka hukumar sojan ruwa ta nemi wasu dabaru.

Dabarar farko ita ce kafa mazauni kusa da wurin aiki. Aka mai da Firitawun, a Saliyo, cibiya, aka buɗe kotun shari'ar jiragen da aka kama. Tsibirin Ascension ya zama rumbun guzuri da wurin jinya. A 1827 aka gwada tsibirin Fernando Po, wato Bioko ta yau, domin ya fi kusa da bakin Kwara, amma zazzaɓi ya yi ta kashe Turawa, har suka janye a 1834.

Ta biyu ita ce ɗaukar ƴan ƙasa aiki. Matuƙan ƙabilar Kru, waɗanda suka san igiyar ruwa kuma suka fi jure cututtukan yankin, su suka riƙa tuƙa kwalekwale zuwa cikin koguna. Ta uku, jiragen bayi sun fi na sojan gudu, don haka aka sayi wani da aka kama a 1827, aka raɗa masa suna Black Joke, ya shiga farautar ƴan uwansa.

An ƙiyasta cewa tsakanin 1808 da 1860 rundunar ta kama jirage wajen 1,600, ta ƴantar da mutane kimanin 150,000. Cikinsu akwai Hausawa, kuma a wurinsu ne, a Saliyo, Bajamushe Schön ya fara koyon harshenmu, ya buga littafin kalmomin Hausa a 1843.

Sai dai jirgin da ya daɗe a ƙofar wani yakan nemi wurin zama. Jiragen wannan runduna ne suka yi wa Legas ruwan wuta a 1851. A 1861 garin ya faɗa hannun Ingila. Mazaunin da aka kafa don ƴantar da bayi, shi ya share wa mulkin mallaka hanya.