Kafin Sallah, Damina Ce Ke Maido Mu Gida

Duk wanda ya taɓa tsayawa bakin titi a Tambuwal ranar jajibirin Babbar Sallah ya san yadda abin yake. Motoci na ɓullowa daga wajen Jega, sun kwana a hanya daga Legas da Ibadan da Shagamu, an ɗaure buhuna da katifu a bisansu. Da sun tsaya sai mutum uku ko huɗu su diro, ƙura ta yi musu fari har gira, 'yan kabu-kabu su yi musu caa. Wasu tafiyarsu ta ƙare ke nan. Wasu da saura, sai Dogon Daji ko Jabo ko Sanyinna, ko su nemi motar Kebbe da Kuchi kafin rana ta faɗi. A cikin gida kuwa tsohuwa na zaune tana ƙirga 'ya'ya da jikoki da yatsunta: wane ya zaka, wane bai zaka ba.

Mun daɗe muna ɗaukar wannan tururuwa a matsayin abin da muka gada tun kaka da kakanni. Abin da ya sa muka fara shakka shi ne ƙorafin wani ɗan'uwanmu da ke sarin kaya a birnin Guangzhou na ƙasar Sin. Kowace shekara sai ya koka cewa akwai lokacin da harka ke tsayawa cak, masana'antu su rufe, ma'aikata su watse zuwa ƙauyukansu, mutum ya rasa ko wanda zai ɗaure masa kwali. Bikin sabuwar shekararsu ne, wanda suke kira bikin bazara. Gwamnati na ware kwana 40 don zirga-zirgar bikin, kuma a shekarar 2019 an ƙirga tafiye-tafiye kusan biliyan uku a cikin waɗannan kwanaki. Duk wannan wahala don cin abincin dare ɗaya ne, na jajibirin sabuwar shekara, wanda ake so kowane ɗan gida ya zauna a ci da shi. A wasu gidajen, idan wani bai samu zuwa ba, sai a bar kujerarsa a ajiye masa kwano da tsinken cin abinci kamar yana nan. Yara kuma a ba su kuɗi cikin jar ambulan, wato goron Sallarsu.

Kamar da ke tsakanin bikinsu da namu a fili take. Bambancin ne ya fi ɗaukar hankalinmu. Sabuwar shekarar Sinawa ba ta fita tsakanin 21 ga Janairu da 20 ga Fabrairu, ƙarshen hunturu, lokacin da manomi ba ya da aiki a gona. Bikin da noma sun daidaita tun asali. Tamu Sallar kuwa yawo take yi. Kowace shekara tana matsowa da kwana goma ko sha ɗaya, sai ta zagaye damina da kaka da ɗari da bazara cikin shekara 33 ko kusa da haka. Ga mutumin da gona ke riƙe da shi, irin kakanninmu, ranar da ba ta da mazauni ba za ta iya zama ranar komawa gida ba. Ruwan sama ne ke kiransa.

Tambuwal ta tashi ne a matsayin ribaɗi a hannun Muhammadu Buhari ɗan Shehu Usmanu, kuma tana zaune kan hanyar da ta haɗa Sakkwato da Jega, wadda a ƙarni na 19 tana cikin manyan kasuwannin daula. Ta Jega ayarin fatake ke bi su ƙetare Kwara, su ratsa ƙasar Bargu, su nufi Gwanja sayen goro a kasuwar Salaga. Suna tafiya da kanwa da tufafi da fatu da dabbobi, su dawo da huhunan goro a bisa jakuna. Tafiyar watanni ce zuwa, watanni dawowa, wani lokaci shekara ta zagayo ayari bai iso ba. Madugu ba ya juya ayari don an ga wata. Inda Sallah ta riske su nan za su share fili su yi Idi, a yanka abin da ya samu a zango. Wasu ma ba su dawo ba sam. Suka yi aure a can, kuma da yaƙin basasa ya watsa Salaga a 1892 suka bazu zuwa Kete-Krachi da Kumasi da Ankara, inda jikokinsu ke zaune a unguwannin da har yau ake kira Zango.

Bayan zuwan Turawa da harajinsu na tsabar kuɗi, sai cin rani ya bunƙasa. Wani masanin labarin ƙasa ɗan Birtaniya, Mansell Prothero, ya yi nazarin ƙidayar da aka yi a ranin 1952 zuwa 1953, inda aka tsare hanyoyin fita daga lardin Sakkwato ana ƙirga matafiya. An samu kimanin rubu'in miliyan, akasarinsu 'yan lardin, wasu kuma daga ƙasar Faransa ta Nijar, kuma mafi yawansu a ƙafa suke. Ba abin mamaki ba ne, domin jirgin ƙasa ya tsaya a Ƙaura Namoda tun 1929, bai taɓa ƙarasowa Sakkwato ba. Waɗannan mutane suna fita bayan an kai amfanin gona rumbu, su yi dako da ga-ruwa da aikin gonar koko a Kurmi da Gwalkwas, su dawo da an fara jin ƙamshin hadari. Ranar da ɗan cin rani ya shigo da tsarabar atamfa da fitila da kuɗin haraji, ita ce ranar murnar gidan, ko da kuwa Sallah ta wuce da wata huɗu.

To, tunda ba a zuwa, da me ake riƙe zumunci? Da saƙo. Kuma saƙon wancan zamani mutum ne ke ɗauke da shi.

Mai tafiya gida ba ya tashi a ɓoye. Sai ya zaga zango ya yi sallama, kowa ya ba shi abin da zai kai: ƙwarya goro, turmin zane, 'yan sulalla a ƙulle a tsumma, da wasiƙa da malamin zango ya rubuta da ajami ko Larabci. Rubuta wasiƙa kanta fanni ce da ake koyo. Malam Umaru Salaga, wanda aka haifa a Kano amma asalin gidansu Kabawa ne, ya rasu a Kete-Krachi a 1934, tun yana saurayi ya wallafa littafi da Larabci kan yadda ake tsara wasiƙa. Malamin da ya tashi cikin fatake ya san abin da mutanensa ke bukata. Idan wasiƙa ta iso, ba a karanta ta a ɗaka. Ana kai ta zaure wurin liman ko malamin unguwa, ya karanta a gaban manya, daga gaisuwa har zuwa haza wassalam. Daga nan sai a juya kan ɗan saƙo. Ya ka baro shi? Ya yi ƙiba ko ya rame? Yana sallah? Gaskiya ne ya yi mata a can? Wasiƙa tana faɗin abin da mai ita ya so a ji, ɗan saƙo kuma ya ga mutumin da idonsa, ya ci abinci a ɗakinsa. Shi ya sa ake shimfiɗa masa tabarma a dama masa fura, ba a gaggawar sallamarsa.

Sinawa sun yi irin wannan, har ma sun fi mu adana shi. Mutanen lardunan Guangdong da Fujian da suka tafi neman kuɗi Singafo da Tailan da Amurka a ƙarni na 19 da na 20 suna aiko wasiƙa haɗe da kuɗi, abin da suke kira qiaopi. Masu kawowa, waɗanda ake yi wa laƙabi da baƙin ruwa, suna bi ƙauye-ƙauye su miƙa hannu da hannu, su karɓi amsa su koma da ita. An fi aikowa gab da sabuwar shekara. Iyalai sun ɓoye takardun a akwatuna, aka tattara dubbai, har hukumar UNESCO ta sa su cikin kundinta na kayan tarihin duniya a 2013. Mu namu wasiƙun fa? Gara ta ci wasu, wasu an ƙulle ƙosai da su. Wanda duk ke da tsohuwar adakar kakansa a Tambuwal ko Kebbe, ya daure ya buɗe ta kafin yara su riga shi.

Daga baya hanyoyin saƙo suka yawaita. Gaskiya Ta Fi Kwabo ta fara fitowa a 1939, ta riƙa kai labarin gida har wurin sojojinmu da ke Bama lokacin yaƙin duniya na biyu. Akwatin gidan waya ya zo, wanda sau da yawa na makaranta ne ko na ofishin hakimi, gari guda na amfani da shi. Rediyo ya zo, mutum ya aika kati gidan rediyon Kaduna a gaishe masa da mahaifiya a filin zaɓi sonka, ita kuma ta ji sunanta daga bakin maƙwabta ko da ba ta kunna ba. Amma a ganinmu babu abin da ya kai kaset. Waɗanda suka tashi a shekarun 1980 za su tuna yadda alhazai ke dawowa da kaset daga 'yan'uwan da suka zauna Makka da Jidda. A aro rikoda, a sayo batir, a taru a tsakar gida bayan isha'i. Murya ta fito tana gaida kowa da sunansa, ɗaya bayan ɗaya, har da jaririn da aka haifa ba ta nan. Idan ta ambaci wanda ya rasu bayan an ɗauki maganar, sai gida ya yi tsit. Tsofaffi kan amsa gaisuwar da ƙarfi kamar mai ita na jin su. Washegari a juya kaset ɗin a ɗauki amsa, a jira wani mai tafiya.

Zuwa gida Sallah kamar yadda muka san shi yanzu ɗan kwalta ne da albashi. Sai da titi ya haɗa Sakkwato da Jega da Yawuri da Kwantagora har Kurmi, tafiyar wata ta koma ta kwana ɗaya ko biyu. Sai da aka samu ma'aikata da sojoji da ɗalibai waɗanda hutunsu gwamnati ke yankawa, da 'yan kasuwar da suka bar noma suka zauna Sabo ta Ibadan ko Agege rani da damina. Wanda ba ya da gonar da za ta kira shi, dole ya nemi wata rana, kuma Sallah ce ranar da kowa ya yarda da ita. Babbar Sallah ta fi jan mutane, don ana sanin ranarta tun kwana goma kafin ta zo, ga kuma layya da mutum ke so ya yi a gaban iyayensa. Ƙaramar kuwa sai an jira sanarwar Sarkin Musulmi a daren ashirin da tara, mai nisa ba ya iya auna tafiyarsa daidai.

Akwai kuma dawowar da ba ta biki ba. A Nuwamban 1969 gwamnatin Busia ta ba baƙin da ba su da takardu mako biyu su fice daga Ghana. Mutane suka iso garuruwanmu da 'ya'yan da ba su taɓa ganin Hausa ba, suna tambayar gidan kakansu da sunan da aka daina kiransa. Waɗanda suka riƙa aiko goro da wasiƙa sun tarar da ɗaki a share. Waɗanda suka yanke saƙo shekara talatin sun sha tambayoyi a zaure kafin a gane su.

Wayar salula ta shigo Nijeriya a 2001, lokacin da layi kaɗai ke kai naira dubu ashirin. Yau ɗan'uwanmu na Guangzhou yana kiran bidiyo ranar Sallah. Agogonsu na gaban namu da awa bakwai, saboda haka lokacin da muke saukowa daga Idi shi la'asar ta yi masa, kuma ranar aiki ce a can. Kuɗin rago ya riga ya turo, an cire wurin mai POS. Ba mu raina wannan ba. A Ƙaramar Sallar 2020, da aka hana tafiya tsakanin jihohi saboda korona, waya ce kaɗai ta haɗa gidaje da yawa, kamar yadda ta haɗa Sinawa da aka rufe birnin Wuhan kwana biyu kafin sabuwar shekararsu.

Sai dai mun lura da abu biyu. Na farko, ɗan saƙo ya ɓace. Mutum na iya sa sabuwar shadda ya tsaya gaban shagon wani ya kira gida, alhali bashi ya yi masa katutu ko ciwo na cinsa, babu wanda zai zo zaure ya ce na gan shi, ba lafiya. Muna jin muryar junanmu kullum, amma abin da muka sani game da halin da nesa ke ciki bai kai wanda kakanninmu ke samu daga bakin mutum ɗaya a shekara ba. Na biyu, waya ta sauƙaƙa ba da uzuri. Uzurin kuma na gaskiya ne: kuɗin mota ya ninka tun da aka cire tallafin mai a 2023, hanya ba ta da tabbas, wasu ƙauyukan Kebbe sun sha hare-haren 'yan bindiga har iyaye da kansu ke cewa ɗa ya yi zamansa. Shekara ɗaya ta zama uku, uku ta zama bakwai. Yaran da aka haifa a can sun san fuskar kakarsu a gilashin waya, ba su san hanyar gidanta daga tasha ba.

A Sallar da ta wuce, a gidanmu an jingina waya da kwanon tuwo aka kira na Guangzhou. Ya gaida kowa, aka nuna masa ragon da aka yanka da kuɗinsa. Inna ta karɓi wayar ta kai ta kusa da fuskarta har ba a ganin komai sai goshinta, ta ce, "Ɗan nan, yaushe za ka taho?" Ya ce in sha Allahu baɗi. Ta ce haka ya ce bara. Daga nan layin ya yanke. Da yamma muka tarar ta ware rabonsa na soyayyen nama ta zuba a gwangwanin madara ta rufe, ta aiki yaro ya zaga unguwa ya tambayo ko akwai mai zuwa Kano bayan Sallah, wanda ya san wani mai tafiya Sin.