'Yan Mishan a Ƙasar Khmer

Aikin mishan a tsakanin Khmer, mutanen Kambodiya, ya faro ne a 1555 da zuwan Gaspar da Cruz, limamin Katolika ɗan Fotugal. Bai daɗe ba ya bar ƙasar, don jama'a sun riƙe addinin Buddha gam. Ko a zamanin mulkin Faransa, yawancin masu cika cocin Katolika 'yan Biyetnam ne.

A 1923 ƙungiyar Christian and Missionary Alliance ta turo ma'aikatanta daga Amurka. David Ellison ya buɗe makarantar Littafi Mai Tsarki a Battambang, Arthur Hammond kuwa ya duƙufa kan fassarar Littafi Mai Tsarki, aikin da ya ci shekaru kafin a buga littafin gaba ɗaya a 1954. Harkarsu ta kullum ita ce koyon harshe, raba ƙananan littattafai da zaga ƙauyukan manoman shinkafa, amma masu karɓa ƙalilan ne.

Da mayaƙan Khmer Rouge suka ƙwace mulki a 1975, aka kori baƙi, aka rushe babban cocin Phnom Penh. Bishop na farko ɗan ƙasa, Joseph Chhmar Salas, ya rasu a 1977. Sai a 1990 gwamnati ta sake halatta ibadar Kirista a fili.