Pasteur da Gishiri Mai Hagu da Dama

A shekarar 1848 akwai wani saurayi a Faris, sunansa Louis Pasteur, shekarunsa 25, yana bincike a kan wani tsami da ke kwantawa a cikin gangunan giyar inabi, wanda ake kira tartar. Tun a 1815 wani babban malami, Biot, ya gano cewa idan aka tace haske har ya zama yana kaɗawa ta fuska guda kaɗai, aka bi da shi ta cikin waɗansu ruwaye, sai su murɗa shi. Ruwan tartar dama yake murɗa shi. To, amma akwai wani tsami ɗan'uwansa, kayan haɗinsu ɗaya, awonsu ɗaya, shi kuwa ba ya murɗa hasken ko kaɗan. Wannan abu ya ɗaure wa malamai kai.

Pasteur ya daskarar da gishirin wannan ɗan'uwa, ya sa a madubi mai ƙara girman abu, ya zura ido. Ashe ƙwayoyin iri biyu ne! Kowace tana da 'yar shafaffiyar kusurwa, ta wasu tana dama, ta wasu tana hagu, kamar tafin hannun mutum biyu: kamarsu ɗaya, amma takalmin wannan ƙafa ba ya shiga waccan. Sai ya ɗauki matsefata ya yi ta tsince su ɗaya ɗaya, ya tara kashi biyu, ya narkar da kowane dabam. Kashi guda ya murɗa haske dama, ɗayan ya murɗa hagu, daidai wa daida. Watau a gauraye kowane yana kashe aikin ɗan'uwansa.

Biot, a lokacin yana da shekara 74, bai yarda da jin baki ba. Ya kira yaron, ya ba shi kayan aiki daga nasa, ya sa ya sake a gabansa, sa'an nan ya auna da kansa. Ya ga haka ne. A ganina tsohon ya kyauta, don wannan taurin kai nasa shi ya sa sauran malamai suka gaskata. Pasteur kuma ya taki sa'a, gama gishirin nan ba ya rabuwa haka sai in zafi bai kai awo 27 ba. Da a ɗaki mai zafi ya yi aikin, da bai ga kome ba.

Dalilin abin bai fito ba sai 1874, sa'ad da van 't Hoff na Holan da Le Bel na Faransa, kowa dabam, suka nuna cewa ƙwayar kabon tana da hannuwa huɗu, in kowane hannu ya riƙe abu dabam, to, ginin yana yiwuwa ta hanya biyu.

Maganar ta shafi jikinmu. Furotin, wanda da shi aka gina tsoka da gashi, sarƙa ce ta amino asid iri 20. Guda 19 suna da na hagu da na dama, gilisin kaɗai ba shi da, amma jiki da na hagu yake gini. Shi ya sa abu mai rai yakan bambanta su. Pasteur da kansa ya ga fumfuna tana cinye tartar na dama ta bar na hagu. A 1886 kuma Piutti, mutumin Italiya, ya ware asfarajin na dama, ya ɗanɗana, ya ji zaƙi, alhali na hagu salam yake a baki.