Muze na Yamai: gidan da ya girmi ƴancin kai

Duk wanda ya taɓa yin salla a Yamai ya san inda yara ke kwarara da yamma. Muze suke zuwa, su ga zaki da kura da dorina, su sha lemu, su koma gida. Saboda haka da yawa daga cikinmu, har manya, mun ɗauki wurin tamkar gidan namun daji. Namun dajin suna nan kam, amma waɗanda suka kafa gidan suna da wata manufa da ta fi wannan girma, kuma baƙon da ya zo daga Maraɗi ko Tawa ko Damagaram yana son ganin aikin hannu zai fi cin moriyar ziyararsa idan ya san ta.

An buɗe Gidan Tarihi na Ƙasa ranar 18 ga Disamba 1959, shekara guda cif bayan shelar Jamhuriya, wata bakwai da ƴan kwanaki kafin ƴancin kai na 3 ga Agusta 1960. Yamai kanta a lokacin ƙaramin gari ce, don a 1926 ne Faransawa suka ɗauke babban birni daga Damagaram suka kawo shi bakin kogin Isa. Mutum biyu ne suka tsaya kan aikin. Na farko Bubu Hama, ɗan Foneko ta ƙasar Tera, malamin lakwal, marubuci, wanda ya shugabanci Majalisar Dokoki har juyin mulkin 1974. Na biyu Pablo Toucet, Bature masanin kayan tarihi, wanda ya zama darektan farko. Daga baya aka sa wa gidan sunan Bubu Hama.

Matsalar da ke gabansu ita ce ta kowace sabuwar ƙasa. Iyakokin Nijar Turawa ne suka shata su, kuma Bahaushen Gobir bai san yadda Batube ke kafa tantinsa ba, Bazabarme bai taɓa ganin tafkin Cadi ba. Sai aka ware fili na kusan hekta 24 a tsakiyar gari, aka giggina gidajen gargajiya na al'ummomin ƙasar kusa da juna: soron ƙasa na Hausawa, bukkar Zabarmawa, rugar Fulani, tantin Abzinawa. Ɗakunan nunin kaya kuma aka yi masu ado da zane irin na maginan Hausa, fari da shuɗi, wanda duk wanda ya san unguwar Birni ta Damagaram zai gane asalinsa. A cikinsu aka jera tufafin sarauta da na aure, da makamai, da kayan kiɗa irin su goge da gurumi da algaita da kakaki. Manufar ita ce ɗan ƙasa ya zagaya Nijar da ƙafarsa cikin yini guda, ko da bai iya karatu ba.

Dabarar da ta fi fito da sunan gidan ita ce shigo da masu sana'a da ransu. A yawancin gidajen tarihi na Turai, kaya na bayan gilashi, maƙerinsu ya daɗe da mutuwa. A Yamai an ba maƙeran azurfa da dukawa da masaƙa da masassaƙa rumfuna a cikin gidan, suna aiki a gaban jama'a, suna sayarwa, suna koya wa yara. Mai ziyara zai ga tsohon bargon tera-tera a ɗakin nuni, ya fito ya tarar da masaƙi yana saƙa irinsa. Zai ga yadda ake narka azurfa a zuba sarƙa irin ta Agadas, da yadda baduku ke rina fata ya ɗinka alabe. An kuma buɗe wurin koyon sana'a na yaran da suka bar lakwal da na naƙasassu. Mai son zane da ƙira, daga rumfunan nan ya kamata ya fara.

Daga baya hamada ta aiko da nata kason. A 1965 masanin ƙasusuwa Philippe Taquet ya fara tono a Gadufawa, kudu maso gabashin Agadas, inda ya samo dinozor ɗin da aka raɗa wa suna Ouranosaurus nigeriensis, mai kimanin shekara miliyan 110. Ƙasusuwansa suna Muze, tare da na wani ƙaton kada da aka tono a yankin. A 1973 kuma wani direban kamyo ya banke itacen Tenere, itacen ƙaya ɗaya tilo da ayarin gishiri ke kwatance da shi a hanyar Bilma, wanda babu wani itace kusa da shi sai an yi tafiya mai nisa. Aka ɗauko gawarsa aka kawo Yamai aka gina mata ɗaki, a gurbinsa kuma aka kafa itacen ƙarfe.

Labarin da ya fi kowanne ɗaci shi ne na Bura. A 1975 aka gano wata tsohuwar maƙabarta a Bura, can ƙasar Tera, cike da tuluna masu siffar kawunan mutane da mahaya dawaki, duk na yumɓu. A 1983 masaninmu Bube Gado ya jagoranci tononta bisa ƙa'ida. Kayan sun haura shekara dubu, kuma babu wanda ya san sunan magininsu. Da aka nuna su a Paris a 1993, dillalan kayan tarihi suka ga kuɗi. Aka shiga tonon sata a ƙauyuka, ana fasa kaburbura ana fitar da kayan ta bayan fage, har a shekarar 2000 majalisar gidajen tarihi ta duniya, ICOM, ta sa kayan Bura cikin jerin waɗanda ke cikin haɗari. Tulun da aka tono da dare ya rasa tarihinsa, don babu mai iya cewa a wane zurfi aka same shi, ko me ke kusa da shi. Shahararren mahayin Bura, wanda cibiyar bincike ta IRSH ta Jami'ar Abdu Mumuni ke riƙe da shi, ya je har New York a 2020 aka nuna shi a gidan tarihi na Metropolitan. Mutane nawa ne a cikinmu suka san kamanninsa?

Muze ba shi kaɗai ne abin gani a Yamai ba. Akwai ƙauyen masu sana'a na Wadata, da cibiyar al'adu ta Umaru Ganda, wadda aka sa wa sunan mai shirya fim ɗin da ya fara lashe babbar kyautar FESPACO a 1972. Amma tunanin da ya haɗa mai sana'a da mai kallo a wuri guda daga Muze ya faro, kuma ɗorewarsa na hannun ƴan ƙasa. Tun da matsalar tsaro ta rage zuwan Turawa masu yawon buɗe ido, masu rumfunan nan sun rasa yawancin masu sayen kayansu, kuma yaro ba ya zama ya koyi sana'ar da ba ta ciyar da ubansa.

Don haka idan tafiya ta kai ku Yamai, ku ware safiya guda. Ku bar yara su ga dorina, sa'an nan ku shiga da su ɗakin tufafi da na kayan kiɗa, ku tsaya gaban maƙeri ku tambaye shi wa ya koya masa. In hali ya yi, ku sayi zobe ko alabe daga hannunsa.